Filin Wasa Ko Ɗakin Karatu?

Magidancin da ya sayar da amfanin gonarsa da kaka ya san abu guda wanda ba sai an koya masa ba, watau kuɗin da ke aljihunsa ba za su yi aiki biyu ba. In ya sayi sirdi mai ado da su, to, jinkar ɗakin da ke yoyo sai ta jira wata kakar. In kuwa ya yi jinka, sirdi ya jira. Ba malamin da zai ce sayen sirdi haramun ne. Amma in damina ta sauka, aka ga 'ya'yansa suna kwana a tsugune saboda yoyo, shi kuwa yana kilisa a ƙofar fada, ko mutane ba su faɗa masa a gaban idonsa ba, sun san sunan da za su kira shi da shi in ya ba da baya.

Baitulmalin jama'a ma haka ya ke, sai dai nauyinsa ya fi, gama magidanci da nasa ya ke yin yadda ya so, shi kuwa mai riƙe da baitulmali amana ce a hannunsa. A zamanin da Anka da Gummi da Bukkuyum su ke gundumomi ƙarƙashin En'en Sakkwato, talaka ya san daga inda kuɗin su ke fitowa, domin shi ya ke ƙirga haraji da jangali a hannun dagaci. Tun da aka yanke Jihar Zamfara daga Sakkwato ran 1 ga Oktoba, 1996, mafi yawan abin da a ke kashewa daga Abuja ya ke zuwa wata wata, sai talaka ya ɗauka kyauta ce, mai mulki ya yi abin da ya ga dama da ita. Wannan kuskure ne. Kuɗin nasa ne har yanzu, yana da ikon ya tambaya, shin daidai ne a gina katafaren filin wasa alhali kuwa akwai yaran da ba su da malami?

Kafin a amsa, ya kamata a fara duba halin da a ke ciki. Akwai jarrabawa guda wadda yaran furamare na Nijeriya duka su ke yi don shiga kwalejojin Gwamnatin Tarayya. A 2013 aka bayyana makin da a ke bukata daga yaran kowace jiha, cikin maki 200. Yaron Anambara sai ya ci 139. Na Ikko sai ya ci 133. Yaron Zamfara kuwa, in namiji ne maki 4 sun ishe shi, in mace ce maki 2. Mutanen kudu suka yi ta ƙorafi, suna cewa an zalunci 'ya'yansu, kuma maganarsu ba ta rasa tushe ba, gama yaron da ya ci 130 aka bar shi a gida yana da abin faɗi. Amma in an lura da kyau, wanda aka fi zalunta shi ne yaron da aka ce 4 ta ishe shi. Ma'anar wannan 4 ɗin ita ce, an riga an san ya yi shekara 6 yana zuwa wani wuri da a ke kira makaranta, ya fito bai iya kome ba. An sassauta masa a bakin ƙofa ne don an tauye shi tun daga gida.

Abin bai tsaya nan ba. A 2018 Ma'aikatar Ilmi ta Tarayya ta koka da cewa, ana gab da jarrabawar, yara 28 kaɗai aka rubuta daga Jihar Zamfara gaba ɗaya, alhali na Ikko sun haura 24,000. Abin mamaki, ɗaya daga cikin kwalejojin nan an kafa ta ne a Anka. Ga rijiya a ƙofar gida, ba guga.

Ba wanda zai yarda cewa Allah Ya raba wa 'ya'yan Anambara ƙwaƙwalwa Ya hana na Gummi. Yaron da ya ke haddace izu 10 kafin ya balaga, ko yarinyar da ta ke tallan fura tana lissafin canji a ka ba ta ɓata ko kwabo, ba daƙiƙai ba ne. Bambancin da ke tsakanin jiha da jiha bambancin shekaru ne da aka yi ana zaɓe, ana sa kuɗi a nan a hana can.

To, me ya sa masu mulki su ke son filin wasa haka? Ba lalle mugunta ba ce, halin ɗan Adam ne. Filin wasa abu ne da ido ke gani. Ana gina shi cikin shekara biyu ko uku, a kira makaɗa da manyan baƙi, a yanka ƙyalle, a liƙa sunan mutum a bango. Malamin aji ɗaya kuwa aikinsa ba ya ɗaukuwa a hoto. Yaron da ya koya wa baƙi da wasali bana, sai bayan shekara 12 zai gama sakandare, wa'adin gwamna kuwa shekara 4 ne, in ya yi sa'a 8. Wanda ya dasa giginya ya san wani ne zai sha 'ya'yanta, shi ya sa masu gaggawa su ke gwammace shuka masara. An gina babban filin wasa na Abuja saboda wasannin Afirka na 2003, mai cin mutum wajen 60,000, a kan kuɗi kimanin dala miliyan 360. Bayan 'yan shekaru ciyawarsa ta lalace, har sai da Alhaji Aliko Ɗangote ya ɗauki nauyin gyaranta a 2020. Na Surulere a Ikko, wanda aka yi wasannin Afirka na 1973 a ciki, shi ma ya yi shekaru da yawa a yashe. Gini yana cin kuɗi ranar da aka gina shi, sa'an nan ya ci gaba da ci kowace shekara, in an hana shi ya rushe.

Amma fa masu son wasa suna da hujja, kuma rashin adalci ne a toshe musu baki. Suna cewa yaro ba tulu ba ne da za a girke a zuba masa karatu. Jikinsa yana bukatar motsi, kuma a fagen wasa ya ke koyon biyayya ga alƙali, da haƙuri in an kā da shi, da haɗa kai da wanda ba ɗan unguwarsu ba. Wannan gaskiya ne. Kwalejin Katsina da aka buɗe a 1922 ba ta raba karatu da wasa ba, Sardauna Ahmadu Bello ma a can ya ƙware a wasan nan na buga ƙwallo a bango da tafin hannu, bai kuwa daina ba har ya zama Firimiya. Ƙasar Zamfara kanta ƙasar dambe ce da kokawa tun kaka da kakanni. Suna kuma cewa saurayin da ba shi da abin yi da la'asar, in bai tafi fagen ƙwallo ba, akwai masu jiransa a ramin haƙar zinariya, akwai kuma waɗanda suka fi su sharri a cikin daji. Duk wanda ya san abin da ƙasar nan ta gani a hannun ɓarayin daji ba zai yi wa wannan magana dariya ba.

Sai dai a nan ne a ke yin rufa-ido, domin abu biyu ne a ke kira da suna ɗaya. Akwai filin da yara ke wasa a ciki, akwai filin da a ke zama a kalli wasa. Na farko ba ya bukatar kome sai fili a share a bayan makaranta, da turaku huɗu, da ƙwallo, da malami mai usur. Na biyu shi ne mai benaye da fitilu da rumfar manya. Duk alherin da aka lissafa a sama, na farko ne ke kawo shi. Yaron ƙauyen Bukkuyum ba zai yi tafiyar sa'o'i a mota zuwa Gusau kullum la'asar don ya buga ƙwallo a filin tunawa da Sardauna ba, ko da hanya lafiya lau ta ke. Saboda haka wanda ya kawo hujjar lafiyar yara don ya gina wurin zaman 'yan kallo, ya karɓi kuɗi da sunan marayu ne ya yi wa baƙi walima.

Mutanen Anka da Bukkuyum sun fi kowa sanin darajar ƙasar da yaro ke wasa a kai, gama sun saye wannan sani da tsada. A 2010 aka ga ƙananan yara suna ta mutuwa a ƙauyuka irin su Dareta da Abare da 'Yargalma, har likitocin ƙungiyar MSF suka gano dalma ce. Ana kawo duwatsun zinariya cikin gida a daka a niƙa, ƙurarsu mai dafi ta bi tsakar gida da dandali, yara suna rarrafe a kai suna sa hannu a baki. Yara wajen 400 suka rasu, dubbai suka kamu. Maganin da aka yi shi ne a kankare saman ƙasar gida gida a kwashe, a zubo mai tsabta, sa'an nan a ba yara magani. Bagega ba ta sami nata aikin ba sai 2013, don kuɗin sun daɗe ba su fito ba. Ba a taɓa kashe kuɗi a kan filin wasa mafi amfani da wannan ba a ƙasar Anka, ko da ya ke ba wanda ya kira shi da wannan suna. Kuma dalma tana taɓa ƙwaƙwalwa, ba ta cika saki ba. Yaran da suka tsira sun girma suna bukatar malami mai haƙuri fiye da sauran yara, a wurin da malamin ma ya ke wuyar samu.

Maganar dai ta jeri ce, wane zai riga wane. A Jihar Yamma ta dā, gwamnatin Cif Obafemi Awolowo ta fara ilmin furamare kyauta a Janairu 1955, yaran makaranta suka tashi daga wajen 457,000 zuwa fiye da 800,000 cikin shekara guda. Babban filin wasa na Badun kuwa sai 1960 aka buɗe shi. A Arewa ma an buɗe Jami'ar Zariya a 1962, filin wasa na Kaduna ya biyo baya a 1964. Mutanen nan ba su ƙi wasa ba, jinka kawai suka fara yi. Jikokin yaran 1955 suna cikin waɗanda aka nemi maki 133 daga gare su a 2013.

Akwai kuma wani lissafi da ya ƙara wa zaɓen nauyi. Dokar ilmin bai-ɗaya ta 2004 ta ware kashi 2 cikin 100 na babban asusun Tarayya don makarantun furamare da ƙananan sakandare, amma rabon gine-gine ba ya fita sai jiha ta ajiye nata daidai da shi. Watau duk nairar da jiha ta hana makaranta ta kai wani wuri, naira biyu yara suka rasa. Har wa yau, Zamfara ta yi shekaru hukumomin WAEC da NECO suna binta bashin kuɗin jarrabawa, bashin ya haura naira biliyan 2 in an haɗa, aka riƙe sakamakon ɗalibai. Yaro ya yi karatu, ya zauna jarrabawa, takardarsa tana kulle don laifin da ba nasa ba. Gwamnatin Dauda Lawal da ta hau a 2023 ta ayyana dokar ta-ɓaci a kan ilmi, ta biya bashin aka saki sakamakon. Wannan abin yabo ne, amma shekarun da suka wuce wa yaran nan ba wanda zai biya su.

Kada kuma mai karatu ya ɗauka duk kuɗin da aka rubuta wa suna ilmi sun tsira daga wannan cuta. Ajin da aka shafe da fenti aka kafa masa allon ɗan kwangila, ba malami a ciki, shi ma filin kallo ne, ido aka yi wa. Wani lokaci ma abin da makaranta ta fi bukata ba aji ba ne. Bayan da aka kwashe 'yan mata 279 daga makarantar Jangebe a Fabrairu 2021, uban da ke da 'ya a makarantar kwana ba tambayar benci ya ke yi ba, tambayar katanga ya ke yi da mai gadi. Iyaye su ma suna da nasu kason laifin, gama gwamnati ba ita ta ke aika yaro ramin zinariya ranar Litinin da safe ba, ko da ya ke uban da ya ga ɗan maƙwabcinsa ya gama aji shida bai iya rubuta wasiƙa ba, da wuya a ga laifinsa duka in ya yanke ƙauna.

Wanda ya fito ajin yaƙi da jahilci ya fi kowa sanin abin da a ke tauye wa yaron nan, domin ya ɗanɗana zaman dangwala yatsa a takardar da bai san abin da ke cikinta ba. Yanzu da ya iya karatu, yana iya zuwa makarantar garinsu da hantsi ya roƙi hedimasta ya nuna masa rajista. Ya duba sunayen malamai nawa ke rubuce, ya ƙirga nawa ke cikin aji. Ya ɗauki littafin aji uku ya miƙa wa ɗan aji biyar ya ji ko zai karanta. In ya fito, ya zaga baya ya ga ko filin da aka bar wa yara yana nan, ko kuwa an yanka shi fuloti an sayar.