Ko Ana Iya Sayen Shekaru? Tsokaci a Kan Bishiyar Fan

Gabatarwa

A cikin kwazazzaban tsaunin Obudu da ke Jihar Kuros Riba, inda hazo kan kwana bai yaye ba, akwai wata shuka wadda baƙo kan ɗauka dabino ce. Sai ya matso kusa ya ga ba ta fure, ba ta 'ya'ya, ganyenta kuwa yakan fito ne a naɗe kamar gammo kafin ya warware. Ita ce ake kira bishiyar fan. Masu maganin gargajiya sun san saiwar wani ɗan'uwanta da sunan agugu, wanda ake sha domin tsila. Manufarmu a wannan ɗan tsokaci ita ce mu yi amfani da wannan shuka mu tattauna wata tambaya: shin abin da ya ɗauki shekara arba'in yana girma yakan zama namu don kawai mun biya kuɗinsa?

Halittarta

Da farko ya kamata mu san cewa gangar jikinta ba katako ba ne. Siririn kara ne a tsakiya, wanda dubban jijiyoyi suka lulluɓe har suka yi masa kauri. Saboda haka mai renonta yakan shayar da gangar da kuma ƙoƙon kanta, ya kuma tanadar mata inuwa. Irinta wani gari ne mai laushi da ke ƙarƙashin ganye. In ya faɗi a danshi sai ya tsiro wani ɗan koren abu da bai kai farce ba, kuma sai da lemar ruwa a kansa ne haihuwa za ta auku, sannan shukar ainihi ta ɓullo. Danginta sun fi shekara miliyan 150 a doron ƙasa, kamar yadda burbushinsu a cikin duwatsu ya nuna.

Abin da ya fi jan hankalinmu shi ne nawarta. Nau'in Dicksonia antarctica na tsibirin Tasmaniya da kudu maso gabashin Ostareliya ba ya wuce ƙarin santimita 5 a shekara, galibi ma bai kai haka ba. Ke nan gangar da ta kai mita 2 ta yi aƙalla shekara 40, wato sa'ar da yawa daga cikinmu malamai ce.

So Mai Tumɓukewa

Abin mamaki, masoyanta sun yi mata ɓarna ƙwarai. A ƙarni na 19 mutanen Ingila sun kamu da son dangin fan har marubuci Charles Kingsley ya laƙaba wa abin sunan ciwo a 1855, aka yi ta tumɓuke ƙananansu daga dazuzzuka ana kai wa gidaje. A Brazil kuwa an riƙa sare nau'in da suke kira shashin ana sassaƙa tukwanen furanni da shi, har ya kusa ƙarewa, sai da hukuma ta hana saransa a 2001. Tun 1975 yarjejeniyar CITES ta sa wa cinikin jinsin Cyathea ƙa'ida tsakanin ƙasashe.

Nau'in Tasmaniya yana da wata baiwa da ta zame masa jarrabawa. In aka yanke gangarsa aka kafa ta a ƙasa, sai ta yi sababbin jijiyoyi ta rayu. Kututturen da aka baro a daji kuwa ya mutu ke nan. Don haka ake loda gangunan a jirgin ruwa zuwa Turai, inda ake sayar da su gwargwadon tsawo. Idan muka lura da kyau, mai saye shekaru yake aunawa. Yana son ya kwanta da fili fetal, ya wayi gari da tsohon lambu. Masu iya magana sun ce so duka so ne, amma son kai ya fi. Wanda yake son ganin shukar a ƙofar ɗakinsa, bai damu da kwazazzabon da aka rabo ta da shi ba, idonsa yake so.

Hanzarin 'Yan Kasuwa

Adalci ne mu saurari ɗaya ɓangaren. 'Yan kasuwa za su ce a Tasmaniya ba a saran ta barkatai. Doka ta tanadi kowace ganga ta ɗauki lambar hukuma, kuma daga dajin da aka riga aka ware domin yankan katako ake kwaso su, inda da yawansu za su halaka ko da ba a ɗauka ba. Bugu da ƙari, akwai magidanta da ke ciyar da iyali da wannan sana'a. Wannan hanzari yana da ƙarfi, kuma ba mu ga laifin wanda ya sayi mai lamba ya ƙi ta sata ba.

Sai dai lambar tana shaida ne cewa an bi doka wajen ɗauka. Ba ta ce an mayar da kome ba. Abin da mutum ya shuka da hannunsa ya girbe a shekara, kamar gero, yana iya cewa nasa ne, domin in ya cinye zai sake nomawa. Amma abin da ya tarar a tsaye, wanda in ya sare ba zai ga madadinsa ya kai haka ba sai ya tsufa ko ya kau, wannan amana ce a hannunsa. Kuɗi sukan biya mai gatari da mai jirgi, amma ba su biyan waɗanda za su zo bayanmu su tarar da gurbi.

Kammalawa

Hanyar da muke ganin ta fi dacewa ita ce ta masu reno daga iri. Sukan barbaɗa garin nan a kan ƙasa mai danshi wadda aka tsabtace da tafasasshen ruwa, su rufe, su jira watanni kafin ganyen farko, sannan shekaru kafin ganga ta fara tashi. Wanda ya fara wannan aiki yana ɗan arba'in ya san cewa da wuya ya zauna a inuwarta, amma duk da haka ya shuka. Mu malamai bai kamata wannan ya zame mana baƙon abu ba, domin kullum muna koyar da waɗanda ba lalle ne mu ga girmansu ba. Saboda haka, ɗalibin da Allah ya kai shi Obudu ya ga wannan shuka, muna roƙonsa ya ƙare mata kallo, ya ƙiyasta shekarunta da tsawonta, ya bar ta inda ya same ta.