Taliya Biyu Da Sabulu Ɗaya

'Yar'uwa, ran jajiberin zaɓen gwamna na watan Maris 2023 wata mata ta yi sallama gidanmu bayan isha'i, ta aje mini baƙar leda a bakin ɗaki. Taliya biyu ce a ciki da sabulu ɗaya da ƙullin magi. Ba ta ce mini komai ba illa, "Maman yara, gobe dai kin san inda za ki dangwala." Kin tuna lokacin, an canza kuɗi, takardar naira ta yi ɓatan dabo, mutum da kuɗinsa a banki amma ba shi da na cefane. Wallahi na karɓa. Kashegari da safe ma ita na dafa wa yara kafin na fita.

Tun ranar nake juya maganar a raina. Shin laifi na yi? In laifi ne, wa na cuta? Wai ma mene ne wannan dimokuraɗiyya da ake cika mana kunne da ita a rediyo?

Malamanmu na makaranta sun ce kalmar ta Girkawa ce, ma'anarta mulkin jama'a. Sai dai ko a birnin Atina inda aka faro abin, jama'ar ba ta haɗa da mata da bayi ba. Matan Amurka sai 1920 suka sami ƙuri'a, na Faransa sai 1944. Mu kuwa matan Arewa an karɓi 'yancin kai a 1960 ba da ƙuri'armu ba, alhali 'yan'uwanmu na Kudu sun jefa tasu a zaɓen 1959. Sai a 1976, lokacin zaɓen ƙananan hukumomi, aka buɗe mana ƙofa, kuma abin mamaki gwamnatin soja ce ta buɗe.

Ba haka kawai ƙofar ta buɗe ba. In kin taɓa kai yaro asibitin Ƙofar Gayan, to kin wuce ta ƙarƙashin sunan matar da ta sha duka saboda ita, wato Hajiya Gambo Sawaba. A 1933 aka haife ta, a bayan tagwaye ta zo shi ya sa ake ce mata Gambo, Sawaba kuwa taken jam'iyyar NEPU ne ta su Malam Aminu Kano, wadda ta shiga tana yarinya ɗanya. A zamanin da ko namiji ke tsoron a ji bakinsa a kan 'yan doka da haraji, ita tsaye take miƙewa gaban taro tana cewa a ba mata ƙuri'a, a sa 'ya'ya mata makaranta, a daina yi musu auren dole. Har Abeokuta ta je wurin Funmilayo Ransome-Kuti don su haɗa kai. Ana cewa sau 16 aka ɗaure ta. Ta rasu a 2001. Duk ran da na tuna da ita sai ledar nan ta yi mini nauyi.

Innata tana ba mu labarin zaɓen 1979, yadda suka yi lulluɓi suka fita tun da hantsi kamar masu zuwa biki. Ita makulli ta dangwala wa, alamar PRP, maigidanta kuwa, wato babanmu, ɗan gida da masara ne na NPN, kuma bai sani ba har sai da Balarabe Musa ya ci gwamnan Kaduna ta kasa ɓoye murna. Sai da ya kwana biyu bai ci tuwonta ba. Ba a yi shekara biyu cikakku ba, a watan Yuni 1981, majalisar jiha ta tsige gwamnan. A 1993 kuma suka sake fita zaɓen 12 ga Yuni, Babangida ya soke shi. Inna ta ce daga nan ta nannaɗe tabarmarta, wai an mai da su 'yan amshin shata.

To kin ga hujjar masu karɓa ke nan, kuma ba ni raina ta. Maƙwabciyata cewa take, "Ke Maman yara, rabu da dogon Turanci. Kuɗinmu ne suka kwasa, wannan ne kaɗai rabon da ke dawo mana, in ban karɓa ba wata za ta karɓa." Gaskiya ne, wanda bai kwana da yunwa ba shi ke saurin yi wa mai yunwa wa'azi. Ni ban ga laifin talaka da ya ci abin da aka kawo masa har gida ba, tun da ba wanda ya bi shi cikin rumfa ya ga inda ya sa yatsa.

Inda na rabu da ita shi ne abin da ya biyo baya. Mun yi wata da watanni famfo bai ɗiga ba a layinmu, sai 'yan ga-ruwa da kurarsu, kullum jarka na ƙara kuɗi. Wata rana a gidan suna na ce mu haɗu mu je wurin wanda muka zaɓa. Sai kowa ta sunkuyar da kai. Wata dattijuwa ta ce, "Da wane bakin? Ai ya biya mu." Ban taɓa jin maganar da ta soke ni kamar wannan ba. Ashe ba yatsa ya saya ba, don yatsa na minti ɗaya ne. Bakinmu ya saya na shekara huɗu, kuma mu da kanmu muka yarda cinikin ya faɗa.

Abin da ya ba ni haushi shi ne, mu mata mun fi kowa sanin wannan harka, suna ne dai ba mu ba ta ba. Dubi adashe. Mu muke zaɓar uwar adashe, don mun san halinta, mun san gidanta. Ran da muka zaɓe ta ba mu cewa shi ke nan sai baɗi. Kowane zubi muna ƙirgawa, kowace kwasa mun san ta wace ce, in ta yi jinkirin kwana ɗaya sai ta ga takalma sun taru a ƙofar ɗakinta. In ta ci amana a sauke ta, ba kunya ba tsoro. Yanzu don Allah, wace ce a cikinmu za ta yarda wata ta ba ta sabulu ta ce, "Ku ba ni riƙon adashen, amma kada wadda ta tambaye ni lissafi"? Ai sai mu yi mata dariya. To kuɗin ƙaramar hukuma da na jiha adashenmu ne, zubinmu na ciki duk ran da muka sayi mai ko kati ko muka biya kuɗin rumfa a kasuwa. Kansila da ciyaman da gwamna riƙo aka ba su. Ni a fahimtata dimokuraɗiyya ke nan: ki ba da riƙo, ki bi sawu, ki iya karɓewa. Ranar zaɓe ɗaya ce kawai daga cikin ukun.

Karɓewar ma tana yiwuwa, mun gani da idonmu a 2015 da Jonathan yana kan kujera ya faɗi, ya buga waya ya miƙa wuya. Bin sawun ne muka bari. Shi ya sa da yawa suka gaji, a zaɓen shugaban ƙasa na 2023 ko kashi 30 cikin 100 na masu rajista ba su fito ba. Mu ne muke cika layi tun asuba da goyo a baya, amma cikin sanatoci 109 da aka rantsar a shekarar, mata ba su kai biyar ba.

Ba na ce ki fita ki bar girki ba, kowa da yanayin gidanta, wata ma sai da izini take leƙa zaure. Amma akwai biki, akwai suna, akwai islamiyya, ga waya a hannun kowa. Kin san sunan kansilan mazaɓarki, Kwarbai kike ko Kaura ko Anguwar Juma? Ni sai da na tambayi ɗana, kunya kamar ƙasa ta tsage.

Daga ƙarshe mu bakwai muka je, har da dattijuwar nan, bayan kowa ta shaida wa maigidanta. Mun zauna a zaure daga la'asar har aka kusa kiran magariba kafin ya fito. Ya yi mamakin ganinmu, ya sa hannu aljihu zai ba mu kuɗin mota. Dattijuwa ta ce, "Ranka ya daɗe, da ƙafa muka zo, maganar ruwa ce ta kawo mu." Ya ce mu dawo bayan sati biyu. Na rubuta ranar a bayan littafin adashe, kuma wannan karon mu goma sha biyu ne suka ce za su.