Komowa Gida Bayan Doguwar Tafiya

A zamanin da, kafin jirgin sama ya kama jigilar alhazai daga Kano a shekarun 1950, talakan ƙasar Kankiya ko Kusada in ya yi niyyar Hajji, ƙafarsa ce abin hawansa. Ya kan bi ta Kano da Barno, ya ratsa ƙasar Cadi, ya faɗa Darfur, ya wuce Alfashir, sa'an nan ya nemi bakin Bahar Maliya a Sawakin. Tafiyar ta fi mil 2,000. Sarkin Katsina Muhammadu Dikko ya sauke farali a 1921 ta jirgin ruwa, amma wannan sai mai hali. Shi talaka in guzuri ya ƙare, sai ya tsaya ƙodago, galibi a gonakin audugar Jazira waɗanda aka buɗe a 1925. Haka shekara biyar ko goma ta kan shuɗe. Waɗansu ma ba su komo ba, zuriyarsu na Sudan har yau.

An sha ba da labarin wahalar zuwa. Wadda ba a cika faɗa ba ita ce wahalar komowa.

Kwanakin farko dai murna ce. Ana ta zuwa barka da sauka, ana kurɓar zamzam, ana karɓar dabino. Bayan mako guda kowa ya koma sha'aninsa, sai Alhaji ya soma duba gidan da ya bari. Watakila mahaifinsa ya rasu, an raba gandu. Yaron da ya bari a goye ya isa kiwo, yana kallonsa kamar baƙo. Matarsa ma mai yiwuwa ta yi wani aure, domin a mazhabar Malikiyya matar da labarin mijinta ya yanke tana iya kai ƙara gaban alƙali, a ɗiba mata shekara 4, ta yi takaba, ta fita. Kowa ya bar gida, gida ya bar shi.

Amma babbar damuwar tana cikin zuciyarsa. A hanya, buƙatar yini ɗaya ce tak: a sami ruwa, a kai zango kafin duhu. A gida kuwa ga haraji, ga jinkar ɗaki, ga rikicin iyakar gona, ga bashin biki. Mutumin da ya tsaya a Arfa sai ya ga waɗannan duk ƙananan abubuwa ne. Ya kan farka da asuba ƙafarsa na neman hanya, alhali ba inda za shi. Daga nan sai ya zauna gindin bishiya, kome aka yi ya ce, “A Makka ba haka a ke yi ba.”

Shin wannan bege na hanya laifi ne? Begen kansa ba laifi ba ne, jiki ne ya saba. Laifin yana shigowa sa'ad da begen ya zama raini. Gama in an auna da kyau, hanya ta fi gida sauƙi ta wani gefe. Matafiyi ba wanda ke binsa hakki. In ya saɓa da abokin tafiya, sai su rabu a zango na gaba. Maƙwabci kuwa ba a rabuwa da shi. Haƙurin hanya yana da iyaka, ana lissafa kwanakinsa, amma na zaman gida ba a san ranar ƙarewarsa ba. Ga kuma ƙanen nan nasa da bai taɓa wuce kasuwar Kankiya ba. Shi ya biya masa haraji, ya ciyar da 'ya'yansa damina goma, ya yi jinyar tsohuwa har ta cika. Ba wanda ya tarye shi da guɗa, ba a kuwa ƙara masa kome a gaban sunansa ba. Da bai zauna ba, da Alhaji bai iya tafiya ba. Wanda ya komo, watau, da bashi ya komo, kuma ba a biyan irin wannan bashi da labari.

Su ma mutanen gida ba su kuɓuta ba. Waɗansu dukiya su ke jira, in ba su gan ta ba sai su yi masa kallon wanda ya ɓata shekarunsa. Waɗansu so su ke ya koma daidai yadda ya tafi, abin da ba shi yiwuwa. Alhali mutumin nan ya ga yadda a ke jan ruwan kogi cikin magudana a shayar da gona da rani, ya iya Larabcin kasuwa, watakila ya koyo ɗinki. In aka gaji da shi aka daina tambayarsa, duk wannan sai ya bi shi kabari. Inda aka yi dace, ƙane ya kan yankar masa gona tun kafin ruwan shuka, a kuma turo masa yaran unguwa da allunansu bayan magariba.