Harafi Ɗaya Tak

Hutun da ya wuce na koma gida Tabotaki da salula da littafin rubutu, don in ɗauki muryoyin tsofaffi saboda memuwar ɗina a kan Hausar Adar. Kafin in bar Yamai na gama wani kwas na intanet game da gaskiya a bincike: gajerun bidiyo, bayan kowanne sai tambayoyi, ka zaɓi amsa. Na ci, aka turo mini takardar shaida. A nan na koyi manyan laifuka uku: ƙago bayanan da babu su, murɗe waɗanda ake da su, da satar rubutun wani. A nan kuma na ji labarin Diederik Stapel, malamin jami'a a ƙasar Holan, wanda asirinsa ya tonu a 2011 bayan ya daɗe yana ƙirƙiro alƙaluma daga kansa. An janye maƙalunsa sama da 50.

Hasashena shi ne tsofaffinmu "hwari" da "biyat" suke cewa, matasa ne ke cewa "fari" da "biyar" saboda rediyo da finafinan Kano. Na zauna da wata tsohuwa, ƙawar kakata, ta dama mini fura, muka yi hira mai tsawo. Da dare ina kwafar hirar, sai na ji ta ce "biyar" ƙarara, har sau biyu. Waɗannan biyun sun ɓata mini jadawali. Ƴan'uwa, wallahi na ɗora yatsa a kan harafin t.

To wa zai kama ni? Manhajar gano satar rubutu tana gwada aikinka ne da abin da aka riga aka rubuta, maganar Inna kuwa ba ta rubuce ko'ina. Ita ba ta karanta boko. Mu kan ce ramin ƙarya ƙurarre ne, amma a irin aikinmu yana iya yin zurfi. Rubuce-rubuce kan Adaranci ba su da yawa. Littafin Bernard Caron na 1991 ne kusan kowa ke komawa gare shi. In na yi ƙarya, ɗalibin da zai zo bayana zai ɗauke ta a matsayin hujja, ya gina nasa aikin a kanta.

Shin kwas ɗin ya amfane ni a daren nan? Ƙwarai. Da ban yi shi ba, da "gyara" zan kira abin da na so yi. Shi ya sanar da ni sunansa na gaskiya: murɗiya. Amma sanin sunan laifi bai hana aikata shi, Stapel ma ai ya san dokar. Abin da ya janye mini yatsa shi ne tunanin cewa matar nan ta ba ni maganarta ne amana, tana kirana jikanta. Malaman hadisi sun riga mu fahimtar wannan: ba sa karɓar ruwaya sai sun binciki wanda ya kawo ta, har ingancin haddarsa.

Na bar r ɗin yadda take. Da na koma na tambaye ta, ashe ta yi shekaru a Kano tare da mijinta ɗan ci-rani. Yanzu babi guda na memuwar ɗin a kan tasirin ci-rani yake.

Don haka ku yi kwas ɗin in rezo ya bari, amma kar mu tsaya ga takardar shaida. Ku tuna ƙananan masu bincike uku ne na kusa da Stapel suka kai ƙararsa. Shawarata ga ƙungiyarmu: kowa ya adana faifan hirarsa, ya ba abokinsa ya saurari minti goma ya gwada da abin da aka rubuta. Nawa suna nan, wanda ke so ya zo ya karɓa.