Shinge da Burtali: Tunani Daga Tsaunin Mambilla

Ɗan'uwana mai karatu, idan aka tambaye ka abin da ka mallaka a duniya, wataƙila za ka ambaci gida, ko gona, ko filin da ka gada wurin mahaifinka. To, in abu ya zama naka, ina iyakar ikonka a kansa? Kana da izinin rufe shi ruf, ko kuwa akwai hakkin wani a cikin abin da yake halalinka? Zo mu kai wannan tambaya wurin da take da nauyi ƙwarai, wato Tsaunin Mambilla, a Ƙaramar Hukumar Sardauna ta Jihar Taraba, a kan iyakar Nijeriya da Kamaru.

Mai zuwa can daga Jalingo yakan bi ta Bali da Serti, sa'an nan hanya ta fara hawa tana nannaɗe dutse kamar rawani, har ta kai Maisamari, da Nguroje, da Gembu. A bisa, tsayin ƙasar ya kai kimanin mita 1,600. Akwai sanyi, damina tana da tsawo, ciyawa kuwa shar. A nan ake noman ganyen shayi a Kakara. Masara da ayaba da gwaza suna yi sosai a kwaruruka, shanu kuma suna ƙiba a tuddai, domin ƙudan tsando bai dame su ba. Albarkar da ta zaunar da manomi ita ce ta jawo makiyayi. Ƙasa mai kyau ba ta rasa masu so, inda masu so suka yi yawa kuwa, sai shinge ya fara tsiro. A watan Yuni na 2017 rikici ya ɓarke a tsaunin tsakanin manoma da makiyaya, aka yi asarar rayuka da dukiya, aka bar gwauraye da marayu. Saboda haka maganarmu ba ta fatar baki ba ce.

Da farko, ka lura da abin da tarihin wurin yake koya mana game da iyaka. Jamusawa sun yi mulkin wannan yanki a cikin ƙasar Kamaru. Bayan Yaƙin Duniya na Ɗaya, Ingila da Faransa suka raba ta. A 1961 aka yi ƙuri'ar jin ra'ayin jama'a, Arewacin Kamaru na Ingila ya shigo Nijeriya. Tuta ta sauya, kuɗi ya sauya, amma tsauni yana inda yake, 'yan kabilar Mambilla kuma suna zaune a ɓangarorin nan biyu har yau, suna auratayya, suna cin kasuwa tare. Manyan daulolin da suka ce ƙasar tasu ce, ina suke? In sarakuna masu bindiga ba su iya riƙe ta ba, yaya ni da kai masu fartanya?

Littafi Mai Tsarki ya riga ya faɗi dalili. A Littafin Firistoci sura 25, Ubangiji ya hana Isra'ilawa sayar da ƙasa har abada, domin shi ne mai ita, su kuwa baƙi ne a wurinsa. Abin mamaki, Dokar Amfani da Ƙasa ta 1978 ita ma ta danƙa filayen kowace jiha a hannun gwamna a matsayin amana saboda jama'a. Takardar da ke cikin akwatinka shaidar zama ce. Mai amana kuwa akwai ranar da zai ba da lissafi.

Na san abin da zuciyarka za ta ce: “In ƙasa ta Allah ce, ashe kowa zai iya kutsawa gonata ke nan?” A'a. Allahn da ya ce ƙasa tasa ce, shi ne ya la'anta mai kawar da alamar iyakar maƙwabcinsa, a Maimaitawar Shari'a sura 27. Da sarki Ahab ya ƙwace gonar inabin Nabot ta hanyar makircin Yezebel, annabi Iliya ya tare shi a cikin gonar da maganar hukunci. Wanda ya saki shanu cikin masarar gwauruwa ya yi zunubi. Mai kuɗin da ya zagaye tuddai da waya mai ƙaya, har talaka ya rasa wurin noma, shi ma ya yi zunubi. Shinge yana da wurinsa a gaban Allah, domin yana kare guminka da abincin 'ya'yanka.

Sai dai shinge kaɗai ba ya raya gari. A nan tafiya a tsauni take zama malama. Da damina hanyoyin ƙauyuka sukan zama taɓo, hazo ya rufe ido, babur ya kafe, wani wurin sai an haye Kogin Donga da kwalekwale. Mai ɗauke da mace mai naƙuda zuwa asibiti a Gembu ba ya tambayar addinin mai tuƙa kwalekwalen. Kowace ƙafa da ta kai kasuwa ta ratsa gefen gonar wani, ta sha ruwa a rafin wani. Masararka ba ta da daraja in ba hanyar fitar da ita, hanyar kuwa ta ƙasar maƙwabcinka take bi. Ashe dukiyarka tana tsaye ne bisa alherin mutanen da ba ka taɓa yi musu godiya ba.

Ka karanta Littafin Ƙidaya sura 20. Isra'ilawa, da garkunansu, suka roƙi sarkin Edom ya bar su su wuce ta ƙasarsa. Suka yi alkawari ba za su ratsa gona ba, za su bi babbar hanya, in dabbobinsu sun sha ruwa za su biya. Edom ya ƙi, ya fito da mayaƙa, alhali kakanninsu, Yakubu da Isuwa, tagwaye ne. A cikin labarin nan akwai wajibi biyu. Na mai wucewa shi ne ya kiyaye gona, ya biya abin da ya ɓata. Na mai ƙasa shi ne ya bar hanya. Salama takan rushe daga duk ɓangaren da aka yar da wajibi. Kada kuma ka manta, a wannan labari mutanen Allah su ne makiyayan. Habila, da Ibrahim, da Dauda duk sun bi garke, Mai Cetonmu kuma da sunan makiyayi ya bayyana kansa.

To, ka auna kanka. Ko ba ka taɓa hawa Mambilla ba, kana da naka tsaunin. Shin ka taɓa matsar da kunya ɗaya cikin burtali, kana cewa ba wanda zai sani? Ka toshe hanyar mashaya? Ka ja katangarka har lungun unguwa ya matse? Ka riƙe gonar marayun ɗan'uwanka da sunan kana lura musu da ita? Shari'ar Musa ta umarci manomi ya bar gefen gonarsa saboda matalauci da baƙo, da irin wannan kala ce Rut ta ci a gonar Bo'aza, ta zama kakar mahaifin Dauda. Ba ka san wanda Allah zai biyo da shi ta gefen da ka bari ba.

Bahaushe ya ce zumunci a ƙafa yake. Ƙafa kuwa sai da hanya. Ka gyara shingenka, amma ka bar burtali, domin kai ma mai wucewa ne.

Ya Ubangiji, mai tuddai da kwaruruka, ka ta'azantar da waɗanda suka rasa nasu saboda ƙasa. Ka koya mana riƙon amana, ka hana hannunmu kawar da iyakar wani, ka hana zuciyarmu rufe wa wani hanya. Cikin sunan Yesu Almasihu. Amin.