Yadda Ƙuraishawa Suka Haɗa Hannu Wajen Ginin Ka'aba

 

Birni ba ya gyaruwa da hannu ɗaya. Gyaran magudanar ruwa, ko kasuwa, ko maƙabarta, aiki ne wanda sai hukuma da attajirai da masu unguwanni da magina sun zauna inuwa ɗaya, kuma Allah Ya yi umurni da taimakon juna a kan alheri a aya ta 2 ta Suratul Ma'ida. Amma sau da yawa a kan fara irin wannan aiki da murna, a ƙare da gaba. Tarihin Makka ya nuna inda ɓarakar ta ke fitowa.

Wajen shekara ta 605 Miladiyya, sa'ad da Annabi (S.A.W.) ya ke da shekara 35, tun ba a aiko shi ba, ambaliya ta raunana bangon Ka'aba, Ƙuraishawa suka yi shawarar sake gina ta. Malaman tarihi sun ruwaito cewa an samo katako daga wani jirgin ruwan Rumawa da ya farfashe a gaɓar teku wajen Jidda, aka kuma sami wani kafinta baƙo ya yi aikinsa. Suka kafa sharaɗi kada a sa kuɗin riba, ko ladan karuwanci, ko abin da aka ƙwace da zalunci. Abin lura, masu bautar gumaka ne fa suka kafa wannan sharaɗi.

Sa'an nan suka raba aikin. Ɓangaren ƙofa ya faɗa wa Banu Abdu Manaf da Banu Zuhra, tsakanin kusurwar Hajarul Aswad da Rukunul Yamani ya faɗa wa Banu Makhzum da waɗansu, haka sauran dangogi, kowa da nasa gefe. Muddin ana ɗaukar duwatsu ba a ji kansu ba.

Da gini ya kai wurin aza Hajarul Aswad sai rigima ta tashi, domin kowane dangi yana son a ce shi ya aza. Banu Abdud Dar suka kawo akushi cike da jini, su da Banu Adiyyu suka tsoma hannuwansu ciki, alamar alkawarin yaƙi har mutuwa. Aiki ya tsaya kwana 4 ko 5. Mai karatu ya duba da kyau: ba dutse ne ya ƙare ba, ba kuwa ƙarfi ne ya gaza ba, neman suna ne kurum. Shi ne ciwon da har yau ya kan kashe aikin gayya a birane, ranar da za a rubuta sunan wanda ya yi a jikin allo.

Abu Umayya ɗan Mugira, wanda ya fi su shekaru, ya ba da shawara a bar hukunci ga wanda ya fara shigowa masallaci. Sai ga Annabi, wanda su ke kira Al-Amin. Ya sa aka shimfiɗa mayafi, ya ɗora dutsen a tsakiya, ya ce kowane dangi ya kama gefe, suka ɗaga tare, sa'an nan ya aza shi da hannunsa mai albarka. Da ya ga dama da ya ɗauka shi kaɗai, tun da sun riga sun yarda da hukuncinsa, amma ya sa kowa ya koma gida da rabonsa na daraja.

Duk da haka aikin bai cika yadda su ke so ba. Kuɗin halal ya gaza, kuma ba su warware sharaɗinsu don su cike giɓin ba, sai suka bar wani yanki na harsashin Annabi Ibrahimu a waje, kamar yadda ya zo a hadisin Nana A'isha cikin Bukhari da Muslim. Wannan yanki yana cikin wurin da a ke kira Hijir Isma'il, shi ya sa har yau mai ɗawafi ya ke zagayawa ta bayansa, ba ya ratsawa ta ciki.