Kuɗin da Aka Ajiye da Sunan Yarinya

A unguwar Bronx ta birnin New York akwai wani magidanci direban bas, matarsa kuma ma'aikaciyar jinya. Tun ranar sunan 'yarsu ta fari ya buɗe mata asusun banki da sunanta. Kuɗin barka, goron sallah, da ɗan abin da ya rage ƙarshen wata, duk can yake zubawa don kada wata lalurar gida ta cinye. Ko da ta shiga ajin ƙarshe na sakandare, asusun ya kai dala 20,000.

Da lokacin neman jami'a ya yi, suka je wurin malamar da ke ba ɗalibai shawara, domin cike FAFSA, fom ɗin da gwamnatin tarayya da jami'o'i ke dubawa kafin su ba da tallafi. Malamar ta duba takardar banki, ta tambayi sunan wa ke kai. Ya amsa da alfahari cewa na yarinyar ne.

Sai ta jawo takarda ta yi masa lissafi. Dukiyar da ke da sunan ɗalibi, ana ɗauka zai iya biyan kashi 20 cikin 100 nata a shekara, wato dala 4,000 ke nan a nasu. Da a hannun iyaye kuɗin suke, abin da za a lissafa ba zai wuce kashi 5.64 ba, dala 1,128. Bambancin nan daga buƙatar yarinyar ake cire shi, kuma kowace shekara sai an sake cike fom ɗin. Gidan da iyali ke zaune a ciki da kuɗin fansho ba sa shiga lissafin.

Jikinsa ya yi sanyi. Yarinyar, wadda ke aiki a wani kanti ranakun Asabar da Lahadi, ta ce, "Baba, to in bar aikin ke nan?" Malamar ta ce kada ta bari. A shekarar karatu ta 2025 zuwa 2026, dala 11,510 na farko da ɗalibi ya samu ba a taɓa su, abin da ya haura ne ake ƙirga rabinsa, kuma kuɗin shigar 2023 ake dubawa. Albashinta bai kai nan ba.

Bayan sallar isha'i ya ba wani abokinsa labari. Abokin ya ce, "Alhaji, mene ne abin damuwa? Ka kwashe kuɗin ka kawo in riƙe maka, ka rubuta babu. Wa zai sani?"

Ya kwana yana juya maganar. Shekara goma sha bakwai yana tara halak, yanzu a ce ya ɗora karatun 'yarsa a kan ƙarya? Ga shi fom ɗin da kansa ya yi gargaɗi cewa mai ba da bayanin ƙarya da gangan na iya fuskantar tarar da ta kai dala 20,000, ko ɗauri, ko duka biyun. Da safe ya ce wa matarsa ba zai iya ba, ya koma wurin malamar ya tambaya ko akwai hanyar da doka ta yarda da ita.

Ashe akwai. Abin da ke cikin asusu ranar aika fom shi ake rubutawa. Suka saya wa yarinyar kwamfutar da dama za ta buƙata, sauran kuɗin suka mayar asusun ajiyar karatu da ake kira 529. Kuɗin suna nan a matsayin nata, amma FAFSA na lissafa irin wannan asusu cikin dukiyar iyaye. Sai da aka gama suka aika, kowace lamba gaskiya.

Duk mai yaro a Amurka da ke shirin buɗe masa asusu, ya nemi masani ya tambaya tun kafin ya sa hannu a takardar banki.